Tikitin Jirgi a Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a da ya san wahalar: layi har waje, 'yan bumburutu sun riga kowa tikiti. Tun 2021 aka koma saye ta intanet, kuma gaskiya an samu sauƙi. Amma fa sai mai babbar waya. Tsohuwa da ƙullin kayanta, wayarta mai tocila ce, sai ta jira jikanta ya saya mata.

Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ake hawa a Rigasa, ya fara aiki a 2016, ya tsaya bayan harin da aka kai masa a Maris 2022, ya dawo a Disamba. Yanzu ido yana kan layin Kano zuwa Maraɗi. Don Allah idan an kammala, a bar wa irin wannan tsohuwa taga guda ta sayen tikiti hannu da hannu.