Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa da Lokacin Tafiya a Jirgin Sama



An nemi in yi magana a kan tafiya a jirgin sama. Na zaɓi hanyar Kano zuwa Jidda, domin da wuya a sami gida a cikinmu da ba a taɓa raka alhaji filin jirgi ba.

Tsakanin biranen nan biyu akwai kimanin kilomita 3,400 in an miƙe. Babban jirgin fasinja kan ci wajen kilomita 850 a awa guda. Wanda bai manta lissafin aji ɗaya ba ya riga ya sami amsa: awa 4. To, amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, ba ya kuma sauka da shi, ga jiran izinin sauka. Shi ya sa akan yi awa huɗu da rabi, wani lokaci har biyar.

Abin da ya fi rikita mahajjata shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa 2. In ka bar Kano ƙarfe 10 na dare, ka yi awa 5 a sama, agogon hannunka zai nuna ƙarfe 3, alhali a Jidda ƙarfe 5 ne na asuba. Wanda ya dogara da agogon gida sai ya yi ta jiran asubar da ta riga ta yi. A dawowa kuwa, ka tashi ƙarfe 12 na rana ka sauka ƙarfe 3, ka zaci jirgin ya ƙara gudu. Bai ƙara ba, awa biyunka aka mayar maka.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙasa, ta Borno da Cadi, su ratsa Darfur da Kurdufan har Sawakin, sannan su haye Bahar Maliya. Wasu sukan shekara da shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, wasu ma can suka zauna, ga jikokinsu nan a Sudan har yau. Jirgin sama bai fara sauka a Kano ba sai a 1925.

Kada kuma a ɗauka awa biyar ɗin nan tabbas ce. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Cadi da Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazanmu na shekarar suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗin kujera.

Ina roƙon malamin labarin ƙasa, in yana nan, ya ba 'yan aji uku wannan lissafi su gwada da taswira da zare.