Likitan Tiyata Da Likitan Gaggawa: Me Ke Haɗa Su?



An nemi mu, ma'aikatan lafiya na wannan unguwa, mu yi bayani kan abin da da yawanku suka gani da ido. An kai ɗan'uwa asibiti cikin dare, sai ga likitoci biyu suna ɗaga wa juna murya a kansa. Wannan na cewa a zo yanzu-yanzu, wancan na cewa don me aka kira shi ba a gama bincike ba. Mai jinya kuwa sai cikinsa ya ɗuri ruwa.

To jama'a, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Likitan sashen gaggawa mai tsaron ƙofa ne, ba ya zaɓen wanda zai shigo masa. Aikinsa ya riƙe rai, ya miƙa maras lafiya ga mai shi, domin ga wani nan tafe kuma gado ɗaya ne. Shi kuwa likitan tiyata, in ya sa wuƙa babu komawa, kuma shi zai yi ta fama da mutumin kwana da kwanaki. Wataƙila ma awa shida ke nan yana tsaye a ɗakin tiyata. Ku ɗauki ciwon ciki kawai: yana iya zama afendis, ko hanji ya huje saboda taifot, ko ciki a wajen mahaifa, ko kuma abin da ba ya bukatar wuƙa sam. Ɗaya tsoron jinkiri yake yi, ɗaya tsoron yankan banza. Kowa da gaskiyarsa.

Akwai kuma tsohon raini. Da can ƙananan likitoci ake bar wa wannan sashe, ƙarƙashin masu tiyata. A Amurka ma sai a 1979 aka amince da aikin gaggawa a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa. Har yau wasu manya kallon yaro suke yi wa mai kiransu, mu dai ba mu ga dalilin hakan ba.

Saɓani ba laifi ba ne, yakan ma ceci rai. Wulaƙanci ne matsalar. A 2015 an buga wani bincike da aka yi a Isra'ila kan rukuni 24 na likitoci da nas-nas masu kula da jarirai. An ba su jaririn roba su yi aiki a kansa, aka sa wani baƙon ƙwararre ya yaɓa wa rabinsu baƙar magana. Waɗanda aka yaɓa wa sun fi kuskure wajen gano cutar da wajen aikin hannu, suka rage gaya wa juna abin da suka gani, suka rage neman taimako. Kun ga ke nan, likitan da aka daka wa tsawa yau, gobe sai ya yi ta jan ƙafa kafin ya ɗaga waya, jini kuwa yana ta zuba a cikin wani.

Ana samun gyara. A 1976 ƙaramin jirgin Dokta James Styner, likitan ƙashi, ya faɗi a jihar Nebraska, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka jikkata. Irin kulawar da suka samu ba ta gamsar da shi ba, shi ya sa a 1978 shi da abokan aikinsa suka fara kwas ɗin ATLS: a fara da hanyar iska, sai numfashi, sai jini. Da ɓangarorin biyu suka koyi tsari guda, gardama ta ragu.

Saura naku, iyayenmu. Mutum ɗaya ya yi magana da likita, ba goma ba. Ya faɗi lokacin da ciwon ya fara, da lokacin da aka ci abinci na ƙarshe, domin mai ba da maganin barci zai tambaya. A faɗi duk maganin da aka sha, har jiƙo da tsimi, kada a ji kunya. Don Allah kada a ɗauki maganar wannan likita a kai wa wancan da ƙari. In kun ji an ambaci tiyata, ku aika unguwa tun da wuri a kirawo matasa biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.