Darasi ɗaya, bashi biyu: shin jami'a na yarda?

Barkanmu da warhaka, na rugage da na kasuwannin bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Konni, har Maigatari da Magarya.

Maganar yau ta masu 'ya'ya a jami'a ce. Kai da ka sayar da bijimi ka biya kuɗin rajista, da ke da kike tsakurar ribar wake kina aika wa yaro, wataƙila an taɓa zo muku da wannan zance: wai akwai darasin da in ɗalibi ya ci shi, ya biya bashi biyu lokaci guda, har ya rage wa kansa karatu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sai an bi a hankali.

Da farko dai, jami'a ba shekaru kaɗai take ƙirgawa ba. Kowane darasi, wanda ɗalibai ke kira kwas, yana da nauyinsa. A Najeriya ana ce wa ma'aunin yunit: awa ɗaya a aji kowane mako, har zangon karatu ya ƙare. Mai digirin shekara huɗu sai ya tara aƙalla yunit 120. Kuma cikin kwasa-kwasan akwai na sashensa, kamar noma ko lissafin kuɗi, akwai na kowa da kowa da ake kira GST.

A tsarin da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a watan Disambar 2022, na kowa da kowan nan guda shida ne, kowanne yunit biyu, jimla 12. Akwai Turanci, akwai al'ummomin Najeriya da al'adunsu, akwai falsafa da tsara tunani, akwai zaman lafiya da sasanta rikici, sai biyu a kan sana'a da kafa kasuwanci. Na sasanta rikicin nan, ni a ganina ɗan makiyayi ya fi kowa sanin amfaninsa.

To ina zancen bashi biyu ya samo asali? Yawanci daga Amurka ne, yara na karantawa a intanet. A can jami'o'i da yawa suna barin kwas ɗaya ya cike gurbi biyu: ɗalibin tattalin arziki ya yi kwas na sashensa, a kuma lissafa masa shi cikin ilimin bai-ɗaya. Amma ko a can, gurbi ne biyu yake cikewa, nauyinsa sau ɗaya ake ƙirgawa. Saniyar da aka rubuta a takardar rigakafi, aka kuma rubuta a takardar haraji, in ka shiga garke guda ɗaya za ka tarar.

A Najeriya abin ta fuska ɗaya yake tafiya. GST ɗin da yaro ya ci yana sauke masa wajibin jami'a, kuma yana shiga cikin 120 ɗin nan, a galibin jami'o'i har cikin sakamakon da ake yanke darajar digiri da shi. Wannan shi ne bashi biyun na gaskiya. Amma kwas na sashe ba ya zama madadin GST don kawai sun yi kama. Ko mai karanta Turanci zalla, za ka ga GST 111 zaune cikin jerinsa. Wanda ya ce ai na riga na san wannan, ya ƙi rajista, ranar da za a tace sunayen masu kammalawa sai a ga rami. Sai ya koma ya cike, sa'o'insa sun tafi bautar ƙasa, kai kuma ka sake neman abin sayarwa saboda yunit biyu.

Inda aka fi faɗawa ramin nan shi ne wajen masu shiga aji biyu kai tsaye da takardar NCE ko difloma. Su yunit 90 ake nema gare su, sai su ɗauka duk abin da ke aji ɗaya an yafe. Alhali jami'o'i da yawa suna sa su koma su ɗauki GST na aji ɗaya, ko da sun yi makamancinsa a kwaleji.

Sai mu ƙetara iyaka. A Nijar, jami'o'i irin su Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram suna bin tsarin LMD. Lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Kada yaro ya ce maka 180 ta fi 120, saboda haka in ya koma Katsina ko Sakkwato ya riga ya wuce. Ku 'yan canji kun fi ni sani, jaka ɗaya ta sefa ba jaka ɗaya ta naira ba ce. Kiredi yana haɗawa da aikin da ɗalibi ke yi shi kaɗai a ɗaki, yunit kuwa zaman aji ya fi dubawa. Jami'ar da za ta karɓe shi ita ke duba takardar sakamakonsa kwas bayan kwas, ta ce wannan ya shiga, wannan a sake. Kuma darasin al'ummomin Najeriya ba a Maraɗi zai same shi ba, yana nan yana jiransa.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, Arɗo, ba sai kun iya boko za ku bi sawun wannan ba. In yaro ya zo hutu, ku ce ya kawo littafin dokokin sashensu da takardar rajistar kwasa-kwasansa, ya karanta muku: yunit nawa ya ci, nawa suka rage, GST nawa ne a kansa. In ya ce an yafe masa wani, ku tambaye shi wa ya yafe. Maganar baki ta abokin ɗaki ko ta wani malami a bakin hanya ba ta shiga fayil. Ya je wurin malamin da ke kula da ajinsu, ya samo a rubuce da sa hannun shugaban sashe, tun kafin a rufe rajistar zangon. Ya ajiye ɗaya, ku ma ku ajiye ɗaya a gida tare da takardun dabbobi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.