Jawabin Magatakarda: Kada Jiran Biza Ya Cinye Mana Jari

Bana mun ga waɗansunmu sun sayar da rumfa saboda ɗan'uwa a Amurka ya cike musu takardar I-130. Mu sani, biza 65,000 kacal Amurka ta ware a shekara don yayye da ƙannen 'yan ƙasarta, duk duniya. Shi ya sa jiran ke haura shekara 15. Matar aure da iyaye ba a ƙayyade musu adadi ba, amma su ma sai sun jira. Babu dillalin da zai tsallakar da mu layi. Mu adana lambar rasit, mu riƙe jarinmu, mu ci gaba da fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina har kira ya zo. Allah ya maimaita mana.