Jadawali Ko Ma'ana? Jawabi A Kan Tsara Shafukan Intanet

 An ba ni 'yan mintoci in yi tsokaci a kan wata tsohuwar gardama ta masu gina shafukan intanet, watau ko a tsara shafi da jadawali, ko kuwa a sa wa kowane sashe alamar da ke faɗin matsayinsa.

Bari mu koma asali. A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, ya kawo shawarar kafa yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN. Harshen da ya ƙago, watau HTML, aikinsa bayyana ma'ana ne: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wancan kuma jeri. Bai tanadi hanyar ƙawata shafi ba. Da manhajar Netscape ta soma nuna jadawali a 1995, sai masu zane suka mai da shi ginshiƙin shafi. Su sa jadawali cikin jadawali, sa'an nan su cusa ƙananan hotuna waɗanda ido ba ya gani don su tokare gurabe. Littafin da David Siegel ya wallafa a 1996 ya yaɗa wannan dabara ƙwarai. Ni ban ga laifinsu ba, domin rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

To, amma uwar ta iso. A Disambar 1996 hukumar W3C ta fitar da CSS, wanda ya ɗauke wa HTML nauyin ado, ko da yake an ɗau shekaru kafin manhajojin buɗe shafi su iya shi sosai. A 2003 Dave Shea ya buɗe CSS Zen Garden, inda aka yi wa rubutu guda ɗaya tak kwalliya iri-iri ba tare da an taɓa ko harafi ba. A 2014 HTML5 ya tabbata da alamomin maƙala da na jerin hanyoyi, a 2017 kuma tsarin Grid ya shiga manyan manhajoji. Uzuri ya ƙare ke nan.

Wani zai ce, ina ruwanmu, tun da shafi ya yi kyau? Ku tuna da ɗan'uwanmu makaho, wanda manhaja ce ke karanta masa shafi da murya. In an sa wa kanu alamarsa, yana tsallakawa daga kanu zuwa kanu har ya kai ga sanarwar da yake nema. In kuwa ƙara girman haruffa kawai aka yi a cikin gurbin jadawali, manhajar ba za ta san kanu ba ne, tilas ya bi gurabe ɗaya bayan ɗaya. Haka nan mai wayar hannu, jadawali mai ƙayyadadden faɗi ba ya lanƙwasuwa, sai ya yi ta jan shafi dama da hagu. Shi kansa maginin, ranar gyara zai bi shafuka ɗai-ɗai, alhali da CSS wuri guda zai taɓa.

Kada ku ɗauka ina ƙin jadawali ne. Jadawalin jarrabawa jadawali ne na gaskiya, gama rana da lokaci da ɗaki suna da dangantaka a tsaye da kwance. A nan ku yi amfani da shi, ku kuma sa wa kan kowane layi alamarsa.

A ƙarshe, ga gwajin da nake roƙon duk wanda zai gina wa ƙungiyarsa shafi ya yi. Ka cire adon gaba ɗaya, ka karanta abin da ya rage daga sama har ƙasa. In zancen ya bi daidai, aikinka ya yi. In ya hargitse, to haka yake isa kunnen makaho kullum.