Amanar Ƙasa Da Cikas Ɗin Siyasa: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

  

Maudu'inmu na yau shi ne sauyin yanayi, da dalilin da ya sa aka kasa rage dogaro da fetur da dizal a koma ga hasken rana da iska. Wani zai ce ina ruwan majalisin wa'azi da wannan? Amsa ita ce, Allah (SWT) Ya sanar da mu a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa tana da nasaba da abin da hannayen mutane suka aikata. Mutanen Jibiya kuwa ba sa buƙatar a ba su labari, domin a watan Yulin 2018 ambaliyar dare ɗaya ta halaka sama da mutum 40 a wannan gari. Allah Ya jiƙan su. Masana sun tabbatar cewa hayaƙin man da ake ƙonawa yana ɗumama duniya, kuma ɗumamar tana sa damina ta rikice, ruwa ya yi jinkiri sannan ya zubo da yawa lokaci guda.

Abin da nake son mu fahimta shi ne, rana muna da ita, ilmin ma akwai shi. Abin da ya tare hanya shi ne siyasar da ba ta ɗauki mulki amana ba. Ga hujjoji, kuma duk a kusa da mu suke.

Na farko, madatsar ruwan Jibiya da aka gina a kan kogin Gada a zamanin mulkin Janar Babangida, domin noman rani a fili kimanin hekta 3,500. An tsara ta ne a kan sai injuna sun tura ruwa zuwa gonaki, injunan kuma sai da dizal. Sau da yawa ruwa na cike a madatsa, gonaki na bushe, saboda babu man da za a tayar da injin, alhali rana tana dukan kan manomi tun daga hantsi har la'asar.

Na biyu, tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi. An faro ta a 2005 lokacin da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamna, da nufin samar da megawat 10 daga injuna 37. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Faransa da ke aikin, sai a Nuwambar 2013 ya kuɓuta. Gwamnatoci suka yi ta shuɗewa, aikin ya haura shekara goma yana jan ƙafa. Rashin tsaro da rashin riƙon alkawari, duka biyun al'amuran shugabanci ne.

Na uku, siyasar fetur. Shekara da shekaru gwamnati na zuba dukiya wajen tallafin mai, wani kaso nasa yana tsallaka wannan iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, manya na cin riba, talaka mai jarka shi ake kamawa. A Agustan 2019 aka rufe iyaka, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, mutanen Jibiya suka sha wuya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin gaba ɗaya ba tare da an tanadi madadi ba, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki. Idan makamashi ya fi ƙarfin magidanci, itace da gawayi yake komawa, daji kuma shi ke biyan bashin.

Na huɗu, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar, aka kuma rufe wannan iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Rigimar masu mulki ce, amma marasa lafiya a asibitoci da masu ƙananan sana'o'i su suka ɗanɗana kuɗarta. A wannan shekarar ta 2023 tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara ba birnin Yamai wuta. Darasin a fili yake: babu shugaban da zai iya rufe wa rana iyaka.

Manyan ƙasashe ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. A taron Kwafanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai a 2022. Amurka kuwa sau biyu tana juya wa yarjejeniyar Faris ta 2015 baya. Mu ma a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, aka kuma kafa dokar sauyin yanayi. Sai mu tambaya, me ya iso Jibiya daga wannan alkawari?

Kada mu yanke ƙauna, ya 'yan'uwa. A jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma renon tohon itatuwan da ke fitowa a gonakinsu, musamman gawo. Da can doka ta mayar da itace mallakar hukuma, manomi na ganin sa a matsayin jawo tara. Da aka sassauta, mutum ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Adalci a doka ya yi abin da kuɗi suka kasa. Musulunci kuwa ya riga kowa, domin Manzon Allah (SAW) ya keɓe hurumi a Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe a Rabaza, don maslahar jama'a.

Saboda haka ina kira da abubuwa uku. Kowane reshe ya shuka itatuwa a masallaci da makaranta, ya kuma naɗa mai ba su ruwa, domin shuka ba reno asara ce. Mawadatanmu su yi waƙafin famfon hasken rana ga rijiyoyi da masu noman rani, sadaka ce mai gudana. Sannan duk mai neman ƙuri'a ya zo, mu tambaye shi zancen madatsa da Lambar Rimi, kada mu sayar da haƙƙin jikokinmu da taliya da sabulu. Shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi, mu ma za a tambaye mu a kan shirunmu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya.