Amsoshin Takardunku: Faifan Kwamfuta Zai Shiga Rikodar Waƙa?

Takardarmu ta yau daga wani mai sana'ar ɗaukar waƙa ce. Ya ce faifan rikodarsa mai suna Alesis HD24 ya soma ƙara, shin zai iya sayen na kwamfuta a kasuwa ya sa mata?

To Malam, amsa ita ce e, za ka iya. Amma bari mu fara yi wa sauran jama'a bayani. Ita wannan rikoda, wadda kamfanin Amurka ya fitar a 2001, layi 24 gare ta, kamar kunyoyin gona: kalangu da layinsa, mawaƙi da nasa, 'yan amshi da nasu. In mai kalangu ya yi kuskure, nasa kaɗai za a sake. Duk abin da aka ɗauka kuwa a faifan ajiya irin na cikin kwamfuta yake zama, kuma da gangan aka yi ta haka don ya yi arha.

Sai dai ka lura da bakin faifan. Na wancan zamani, IDE, bakinsa mai faɗi ne, da 'yan allurai jere sahu biyu. Wanda ya gaje shi, SATA, bakinsa siriri ne, ba zai shiga ba sai da 'yar mahaɗa, ita ma ba kowace ce ke yin aiki ba. In ka samu IDE, ka duba ɗan robar da ke bayansa, ka mai da shi inda aka rubuta Master, ka ɗaure shi cikin durowarsa, sannan ka tura. Rikodar za ta nemi ta share shi ta yi nata tsarin, duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Gigabait 10 zai ba ka wajen minti 45 in layukan 24 duka suna aiki.

Inda mutane ke yin asara shi ne tsohon faifan. In ka jona shi da kwamfuta, ba za ta gane tsarinsa ba, sai ta ɗauka fanko ne, ta tambaye ka ko ta shirya shi. Kul ka ce e! Waƙoƙin mutane ne a ciki, wasu ma an biya ka kuɗinsu. Rikodar tana da gurbin faifai biyu, saboda haka ka sa sabon a gurbi na biyu, ka kwafe aikin daga tsohon tun yana juyawa. Tun da ka ce ya soma ƙara, kada ka bari sai an sha kasuwa, yau ɗin nan za ka yi.